Turanci ya ce "shake", mu kuma muna da kwando guda



Da yawanmu masu fassara ne, ko da ba mu taɓa kiran kanmu haka ba. Mu ne ake miƙa wa takardar asibiti a gida a ce mu karanta. Mu ne ke raka tsofaffi wurin likita mu tsaya a tsakani, mu ne kuma ake tambaya idan labari ya fito da Turanci a waya. Shi ya sa yau za mu tsaya a kan wata ƙaramar kalma da duk muka sani tun firamare, wato shake. An koya mana cewa ma'anarta girgiza, kuma haka ne, sai dai girgiza ɗaya ce kawai daga cikin kayan da Bature ya ɗora mata.

Mu fara da jikin mutum. Idan Bature ya ce shake hands, gaisawa yake nufi, musabaha ke nan, ba wanda ya girgiza kowa. Idan ya ce mutum ya yi shake da kansa, to nan girgiza kai ce ta ƙin yarda ko ta takaici. Idan sanyin hunturu ya kama yaro, shi zai ce yaron yana shaking, mu kuwa mu ce yana rawar sanyi ko yana karkarwa. Idan tsoro ne, kalmarsa ba ta canja ba, amma mu sai mu ce jikinsa na ɓari, ko yana kyarma. Idan fushi ne ya ci shi, mu ce yana tsuma. Mai magana da kuka a wuya, muryarsa rawa take yi. Jiki ɗaya ne, amma kowane hali mun raɗa masa suna, har mai saurare yakan gane dalilin motsin tun kafin a faɗa masa.

Haka abin yake idan muka koma kan kaya. Tabarmar da ta kwashi ƙura kakkaɓe ta ake yi. Bishiyar kurna ko magarya girgiza ta yara ke yi don 'ya'yan su zubo. Ƙofar da ta ƙi buɗuwa jijjiga ta ake yi. Duk waɗannan a Turanci shake ne. Sannan kalmar takan ari wasu ƙananan kalmomi ta sake kama. Shake-up a shafin jarida shi ne garambawul, irin wanda shugaba kan yi wa majalisar ministocinsa. Shake off shi ne ka rabu da abin da ya maƙale maka, ko mura ce ko mai bin sawunka. Shakedown kuwa a bakin Amurkawa tatsar kuɗi ne da barazana. Gwamnati ko kamfanin da aka ce yana shaky, tangal-tangal yake yi. Mutumin da mummunan labari ya bar shi shaken ba wanda ya taɓa jikinsa, hankalinsa ne ya tashi, hantarsa ta kaɗa.

Da kalmar ta iso Najeriya ba ta zauna haka ba. A Turancin buroka, wanda ya ce maka "no shaking" cewa yake yi ba komai, kada ka damu, ko gezau. Wanda kuma ya ce ka yi "shake body" ba motsa jiki yake so ka yi ba, aljihunka yake so ka taɓa. Ɗan Landan da bai san ƙasar nan ba zai iya jin duka biyun ya tsaya yana kallo, alhali kalmar kakanninsa ce.

Kuma tsohuwar kalma ce ƙwarai. Tana cikin Turancin da aka yi fiye da shekara dubu da suka wuce, a lokacin ana rubuta ta sceacan. Tana nan ɓoye a cikin sunan marubucin nan William Shakespeare, wanda aka haifa a 1564 ya rasu a 1616. Sunan haɗin kalmomi biyu ne, shake da spear, wato mai kaɗa mashi. Har ƙungiyoyin addini sun sami suna daga rawar jiki. A Ingila a 1650 aka fara kiran mabiyan George Fox da suna Quakers, daga quake, 'yar'uwar shake da muka sani a cikin earthquake, girgizar ƙasa. Daga baya wata ƙaramar ƙungiya ta taso da aka riƙa kira Shakers saboda yadda jikinsu ke tsuma a wurin ibada, kuma shugabarsu Ann Lee ta ƙaura da 'yan mabiyanta zuwa Amurka a 1774. Sunayen biyu duk da zolaya suka fara, sai suka bi su.

Wani abin mamaki shi ne masana kimiyyar nukiliya ma sun ari kalmar. A shekarun 1940, waɗanda suka ƙera bam ɗin nukiliya na farko a Amurka sun buƙaci suna ga wani ɗan guntun lokaci, kashi ɗaya cikin miliyan 100 na daƙiƙa, sai suka kira shi shake. Sun samo shi ne daga wata maganar Turawa da ke cewa kafin ɗan rago ya kaɗa wutsiya sau biyu, daidai da yadda mu muke cewa kafin ƙiftawar ido. Kalmar da ke jikin milkshake, madarar da ake kaɗawa da kayan zaƙi, ita ce dai ke cikin lissafin bam.

To, duk wannan daɗin hira ne. Inda maganar ta zama ta rai ita ce asibiti.

Mu ɗauki kwalbar maganin yara. Irin maganin nan mai kauri da ake haɗa garinsa da ruwa, kamar amoxicillin, yawanci za mu ga an rubuta shake well a jikinsa. A nan girgiza ce ta gaske ake nufi, kuma kafin kowane ba da magani, ba ranar farko kaɗai ba. Dalili shi ne garin maganin ba ya narkewa gaba ɗaya, kwanciya yake yi a gindin kwalba. Idan ba a girgiza ba, cokulan farko kusan ruwa ne, na ƙarshe kuma su yi ƙarfi fiye da kima. Uwar da ba ta karanta Turanci ba ta dogara ne da wanda ya karanta mata, kuma sau da yawa mu ne wannan mutumin. Idan muka faɗi cokali nawa da sau nawa a rana muka tsallake waɗancan kalmomi biyu, mun bar rabin saƙon a kwalba.

Sai kuma lokacin da fassarar ta juya, daga Hausa zuwa Turanci. Uwa ta ce wa likita ɗanta yana karkarwa da zazzaɓi. Wata uwar ta ce nata yana jijjiga, idonsa na juyewa. Ta farko tana bayanin rawar sanyin da ke zuwa da zazzaɓin cizon sauro. Ta biyu tana bayanin abin da likita ke kira convulsion, wanda ke buƙatar a duba yaro nan take. Idan mai fassara ya mayar da duka biyun "he is shaking", ya ɗauki bambancin da uwar ta kawo daga gida ya zubar a bakin ƙofa. Hausarta ta riga ta yi rabin aikin gano cutar. Haka ma rawar hannun tsoho da ke zuwa yana zaune bai yi komai ba, wadda likitan Landan James Parkinson ya yi bayaninta a 1817 da sunan shaking palsy, cutar da yau ake kira da sunansa. Ita ma shaking ce a Turanci, amma ba ruwanta da sanyi ko tsoro.

Akwai kuma jarirai. Mu jijjiga jariri muke yi a hankali, a baya ko a kafaɗa, don ya yi barci, kuma Turanci ba ya kiran wannan shake, rock yake cewa. Abin da likitoci ke gargaɗi a kai, shaken baby syndrome, girgiza jariri ne da ƙarfi, galibi cikin fushi idan kuka ya ƙi ƙarewa. Wuyansa bai yi ƙwari ba, kansa kuma ya yi masa nauyi, don haka hakan na iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, makanta, ko mutuwa. Mai fassara wannan gargaɗi da kalmar jijjiga kaɗai zai tsorata uwar da ba ta da laifi, ya kuma kasa isar da saƙon ga wanda ya kamata ya ji.

Kada kuma mu ɗauka Turanci ne kaɗai ke loda wa kalma ɗaya kaya. Mu duba tamu kalmar, rawa. Da ita ake taka kalangu a biki, da ita ake rawar ɗari. Mai rawar jiki wajen aiki yabonsa ake yi, mai rawar kai kuwa ba yabo ba ne. Haƙori na rawa, kujera na rawa. Baturen da ke koyon Hausa zai sha irin wahalar da muke sha da shake. Kowane harshe yana da inda ya tara da inda ya rarrabe, kuma wuraren ba sa faɗuwa daidai da na wani.

Saboda haka idan kalmar ta sake zuwa gabanmu, kafin mu ce girgiza, mu tambayi kanmu abu uku: mene ne ke motsi, wa ke motsa shi, kuma me ya jawo? Amsar za ta kai mu ga kalmar da Hausa ta tanada, kuma kusan kullum tana nan.

Mun san ba mu ƙure kwandon ba. Mutanen Sakkwato, Katsina, Damagaram, Zazzau da Kumasi, ku ajiye mana kalmomin da ake amfani da su a wajenku na rawar sanyi, na tsoro da na jijjigar yara, musamman waɗanda tsofaffi ke faɗa wa likita. Sai mun ji daga gare ku.