Fatalwar Akokan

A 1969 marubucin Ingila Kingsley Amis ya fitar da littafin The Green Man. Labarin Maurice Allington ne, mai masauki da mashaya, wanda fatalwar wani matsafi na ƙarni na 17 ta addaba. Shi kuwa mashayi ne na gaske, don haka iyalinsa suka ɗora komai a kan giya.

A shekarar ce aka kafa garin Arlit saboda yuraniyom. Nakan yi tunanin da a nan aka rubuta littafin, wa zai zama fatalwar?

Abzinawan karkarar Dannet suna da Kel Essuf, iskokin daji da kufai, waɗanda ke son wurin da mutane suka bari. Akokan kuwa, da ke gefen Arlit, ta samu kufai tun da kamfanin yuraniyom na COMINAK ya rufe mahaƙarsa a Maris na 2021, ma'aikata suka watse, masu wuraren hira suka zauna gadin kujeru.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba aljani ba ne. A 2009 Greenpeace ta auna tururin yuraniyom a titunan Akokan, ta kuma same shi a jikin tsofaffin ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa. Ba ya wari, ba ya motsi cikin dare, turare ba ya korarsa. Mai shagon da ya yi ƙofa da irin wannan ƙarfe, idan tari ya kama shi, ƙura za a ce, ko sigari.