La'asar a Ƙofar Gamji

Duk lokacin da hayaniyar Kaduna ta ishe ni, Ƙofar Gamji nake nufa. Can bakin kogi nake zama a inuwa, ina kallon yara suna layin lilo, iyaye mata sun shimfiɗa tabarma suna ɓare gyaɗa.

Daga nan sai in taka zuwa tsohuwar gadar Lugga, wadda aka ƙera a Zungeru a 1904 kafin a dawo da ita nan. Nakan dafa ƙarfenta mai sanyi in tuna ranar sallar da Baba ya riƙe hannuna muka haye.

Yau ɗiyata ce ke jan hannuna. Allah Ya raya mana wannan lambu.