Taku ɗaya cikin hanyar jama'a

Ya ɗan'uwa mai shirin kafa rumfa a kasuwar baje koli, ko a Yamai, ko a bakin filin kokowa idan gasar takobi ta sauka Maraɗi, ka lura da inda za ka kafa turakunka. Kuɗin da ka biya na wurin da aka auna maka ne kawai. Na sha ganin ɗan kasuwa ya tura teburinsa taku ɗaya cikin hanya, maƙwabcinsa ya bi sahu, kafin la'asar tsohuwa mai tallan fura ta rasa wurin wucewa. Wannan takun haƙƙin masu wucewa ne, ba ka kuwa san yawansu ba balle ka nemi yafewarsu. Ka daidaita iyakarka tun rumfa tana wayam, domin idan aka jera atamfa da kwanuka, ja da baya wuya gare shi.