Uwar makulli: kafin mu canza kubobin ginin ƙungiya

Maganar makullan ginin ƙungiya ta sake tasowa, kuma shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce a canza kubobin duka, a yi musu uwar makulli, wadda masu yankan makulli ke kira masta. Dalilin a fili yake. Muna da ofis, zauren taro, ajujuwan Islamiyya, sito, ɗakin janareta da masaukin baƙi, kowanne da makullinsa. Duk ranar da mai riƙe da damin makullan ya tafi Arewa sallah ko ta'aziyya, sai a koma fasa kwaɗo da guduma. Mu a ofishin sakatare muna goyon bayan sauyin, amma da sharaɗi.

Irin kubar da muka saba da ita, wadda Ba'amurke Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a 1861 da 1865, tana da 'yan ƙusoshi biyar ko shida a ciki. Kowace ƙusa a rabe take gida biyu, sifirin na danne da ita. Haƙoran makulli su ke ɗaga ƙusoshin har rabuwar kowace ta zo daidai da bakin sandar da ke juyawa, sannan ƙofa ta buɗe. Idan ana son masta, sai a cusa ɗan siririn ƙarfe a tsakanin ƙusa, ta samu wurin rabuwa biyu: ɗaya na makullin ɗakin, ɗaya na uwar makulli.

Da haka ake jera matakai, kamar a otal-otal. Malamin aji yana buɗe ajinsa kaɗai. Shugaban makaranta yana buɗe ajujuwa duka, amma ba ya buɗe ofis. A sama kuma akwai babbar uwa mai buɗe ko'ina.

To, ga inda gizo ke saƙar. Duk ɗan ƙarfen da aka ƙara, kubar ta ƙara sauƙin kai. Idan ƙusoshi biyar ne, kuma kowace tana da wurin rabuwa biyu, yankan makulli iri 32 ne zai buɗe ta, ba biyu ba. A 2003 wani masanin tsaron kwamfuta a Amurka, Matt Blaze, ya wallafa yadda mai riƙe da makullin ɗaki ɗaya tak zai iya gano yankan uwar makullin ginin, da 'yan makullan da ba a yanka ba da magagari, yana gwadawa a ƙofarsa ta halak. Ko ma ba a kai ga haka ba, mun san ana kwafar makulli a bakin kasuwa cikin 'yan mintoci, ba mai tambayar na wane ne. Makullin aji ya ɓace, kuba ɗaya za a canza. Uwar makulli ta ɓace, ginin duka ne.

Shi ya sa muke ganin ƙofofi biyu kada su shiga ƙarƙashin masta ko kusa: siton da ake ajiye kayan tallafin azumi, da durowar takardun fili da rasitai. Waɗannan a sa musu kwaɗo bibbiyu, ɗaya a hannun ma'aji, ɗaya a hannun dattijon da taro ya zaɓa, yadda ba mai buɗewa shi kaɗai. Ba zargin kowa muke yi ba. Mutumin da shi kaɗai ke iya shiga sito, ranar da buhun shinkafa ya yi ƙafa, ba shi da mai yi masa shaida, ko da kuwa bai taɓa ko ƙwaya ba. Mun ga yadda irin wannan zargi ke raba zumuncin shekaru a nan Kudu, inda ba mu da kowa sai junanmu.

Babbar uwar kuma kada ta zama abin ado a aljihun shugaba, duk da mun san wasu za su so hakan. A kulle ta a ofis, a fito da ita idan an yi gobara ko makulli ya ɓace, duk wanda ya ɗauka ya sa hannu a littafi da kwanan wata. Wanda ya sauka daga muƙami ya miƙa makullinsa a gaban taro ranar da ya sauka. Mai wata shawara ya rubuta a ƙasa, ko ya zo da ita zama mai zuwa kafin a kira mai kuba.