Gawayin Dala da Wa'adin Ƙwayar Zarra

Duk wanda ya hau Dutsen Dala da yamma, ya hangi Goron Dutse da soraye na cikin birni, da wuya ya sauko bai tambayi kansa ba: shin yaushe aka fara zama a nan? Littafin Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura, sa'an nan ya jero sarakuna tun daga Bagauda, wanda aka ƙiyasta hawansa a shekarar 999. Abin da ya gabaci wannan kuwa, sai dai "an ce, an ce".

Ashe amsa tana binne cikin gawayi. Itace, muddin yana raye, yana ɗaukar sinadarin kabon daga iska, har da nau'in da ake kira kabon-14, wanda cibiyar ƙwayar zarrarsa ba ta dawwama. Da zarar an sare itacen sai ɗaukar ta tsaya, abin da ke ciki ya shiga raguwa, rabi a kowace shekara 5,730. Willard Libby ne ya fito da wannan awo a Amurka wajen 1949. Da aka auna gawayin matoyar tama ta Dala, sai ya nuna ƙarni na 7, wato maƙera sun riga Bagauda da shekaru kusan 300 ko fiye.

Ba kowace cibiya ce mai dogon wa'adi ba. Akwai wadda kan tunzura, ta ɗauki ƙarfi fiye da kima, sa'an nan ta huce ta hanyar fitar da wani haske wanda ido ba ya gani. Wata takan huce kafin kashi ɗaya cikin biliyan na sakan. Teknishiyam-99m kuwa rabinsa kan huce cikin awa 6, shi ya sa likitoci ke ɗaukar hoton cikin jiki da shi, don ba ya daɗewa yana cutarwa. Babu mai iya faɗin ranar ƙwaya guda, amma idan suka taru da yawa, lissafinsu ba ya saɓawa.

A nan ne ɗalibin Hausa ya kamata ya tsaya ya yi tunani. Idan ya ce kimiyya ba gonarsa ba ce, to, wasu za su ci gaba da auna shekarun garinsu, su rubuta da harshensu, shi kuwa ya zama ɗan kallo a gidan ubansa. Kunne ya girmi kaka, gaskiya ne, amma a Dala gawayi ya girmi kunne.