Kashi 98 bai isa shaida ba

A Briqueterie, unguwar Hausawan Yawunde, idan maijego ta ɗashe tana haki, tsofaffi kan ce jininta ya ƙare. Na'urar da ake maƙalawa a yatsa kuwa sai ta nuna kashi 98, hankalin dangi ya kwanta. Sau da yawa gaskiya tana wajen tsofaffin.

Na'urar tana auna yadda hemogulobin ya cika da iskar oksijin ne kawai, ba ta san yawansa ba. Kowane giram yana ɗaukar mililita 1.34. Mace mai giram 13 a desilita, da cikar kashi 98, tana riƙe da mililita 17 a kowace desilita. Zuciya na tura lita 5 a minti, wato desilita 50, sai kusan mililita 850 su isa gaɓoɓi. In zubar jini ko zazzaɓin cizon sauro ya mayar da shi giram 5, lissafin ya faɗo kusan 330, alhali jiki ko a kwance yana cin wajen 250. Rarar ta yi kaɗan, shi ya sa zuciya ke ƙara gudu. Na'urar tana nan a 98, sai gwajin jini ya tona asirin.