Ɓataccen Burodi

Kowace al'umma da ta san zafin nema tana da abincin da ta ƙirƙiro domin kada abin jiya ya tafi juji. Bahaushe yana da ɗumame, yana kuma da ƙanzo, wanda ake kankarowa daga gindin tukunya a shanya, ranar da aka buƙata a jiƙa shi a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Mutanen da alkama ce cimarsu su ma sun yi fama da wannan matsala, saboda burodi ba ya jimawa yake ƙandarewa. Dabarar da suka samo ita ce a tsoma shi cikin madara da ƙwai a soya. Faransawa suna kiran wannan abinci pain perdu, wato ɓataccen burodi, wanda har an fid da rai da shi sannan aka ceto shi.

Masu magana da Ingilishi sun jingina shi ga Faransa, amma asalinsa ya girmi wannan suna nesa ba kusa ba. A tsohon littafin girke-girken Rumawa da ake dangantawa da Apicius, akwai bayanin yadda ake jiƙa gutsattsarin farin burodi a madara, a soya da mai, a kwarara masa zuma. Jamusawa suna kiransa Arme Ritter, ma'ana matalautan barade, kamar dai a ce abincin mai sarauta ne da aljihunsa ya bushe amma bai yarda ya zubar da girma ba. A Sifaniya ana yin torrijas a lokacin azumin Kirista, musamman makon da ke gabanin Ista, a Fotugal da Barazil kuwa rabanadas na cikin abincin Kirsimeti. Abin mamaki shi ne yadda cimar da talauci ya haifa ta koma ta ƙawa, har manyan otal suna sayar da yanka biyu a kan kuɗin da zai sayi burodin gida guda.

A gidanmu larura ce ta kawo shi. Akasarin alkamar da ake ci a Najeriya daga waje ake shigo da ita. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 farashinta ya tashi a kasuwannin duniya, da aka janye tallafin man fetur a 2023 darajar naira kuma ta faɗi, sai burodi ya zama abin da ake lissafi kafin a saya. Duk da haka yarana ba su daina ture duk yankan da ya kwana biyu ba, suna cewa ya yi tauri. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya yana salwanta. Ni kuwa ga nawa kason na wannan asara a cikin leda, a kan teburin kicin, kowane mako.

Burodin da ya kwana bai lalace ba, sitacin da ke cikinsa ne ya sake ɗaurewa bayan ya huce, shi ya sa yake tauri. Sanyin firji yana gaggauta wannan ɗaurewa, zafi kuma yana warware ta. Don haka busasshen burodi ya fi sabo dacewa da wannan girki, domin yana shan ruwan ƙwai ba tare da ya narke ba, sabo kuwa da ya ji danshi sai ya dagargaje a hannu. Gaskiyar Bahaushe da ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Iyaka ɗaya ce: burodin da ya yi fumfuna ba shi da ceto, kuma yanke gefen da ya ɓaci ba ya wadatarwa.

Ga yanka huɗu masu kaurin babban yatsa, nakan fasa ƙwai biyu, in zuba rabin kofin madara, da cokali ɗaya na sukari, da ɗan gishiri, da garin kirfa ko na citta. Ana kaɗawa har sai fari da gwaiduwa sun zama abu ɗaya, in ba haka ba za a ga zaren farin ƙwai ya daskare a jikin burodin. Tsawon jiƙo ya danganta da irin burodin. Lallausan burodinmu na leda daƙiƙu kaɗan suka ishe shi a kowane gefe. Dogon burodin nan mai ɓawo da Faransawa suka bar wa Nijar, wanda ake saya a Maraɗi da Damagaram da safe ya zama kamar itace kafin gobe, shi yana buƙatar mintuna, kuma shi ne ya fi ba da sakamako mai kyau.

Wurin wuta ne ake gane mai haƙuri. Idan kaskon ya yi zafi ƙwarai, sukarin zai ƙone a waje alhali ƙwan ciki bai nuna ba. Wuta matsakaiciya ake so, da soyayyen man shanu ko man gyaɗa kaɗan, minti biyu zuwa uku a kowane gefe, har fuskar ta yi ja kamar ta waina. Wannan launi da ƙamshin da ke biye da shi suna fitowa ne daga haɗuwar sukari da furotin a kan zafi, abin da masanin kimiyya Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Da an danna tsakiyar da cokali an ji ta dawo, ba ta fitar da ruwa ba, to ya nuna.

Yara sun karɓe shi tun ranar farko, kamar yadda suke karɓar duk abu mai zaƙi. Wanda ban yi tsammani ba shi ne mahaifina. Tun da ya dawo hannuna bayan doguwar jinya, haƙoransa sun zube, nama da ƙosai sun gagare shi, koko kuma ya gundure shi. Mutumin da ya shekara talatin yana koyarwa, wanda muryarsa ke cika aji, ya koma mai yawan shiru, yana ganin kansa nauyi ne a kan 'ya'yansa. Duk abin da aka kai masa sai ya ce a ba yara, su ne masu amfani.

Wata safiya na durƙusa na ajiye masa yanka biyu da zuma. Ya dube su ya ce, "Uwata, wannan kuma wane irin abincin Nasara ne?" Haka yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na ce, "Baba, ɗumame ne. Burodin shekaranjiya ne."

Ya gutsura da yatsa, ya ga ba ya buƙatar tauna. Sai da ya cinye yanka ɗaya sannan ya tambayi sunansa, na faɗa masa da ma'anarsa. Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ya ce, "Ashe ɓatacce ma yana da rana." Daga nan tsohon malami ya motsa. Ya kira jikokinsa ya zaunar da su, ya ba su labarin shekarun farin 1973 da 1974, lokacin da yake saurayi, yadda dabbobi suka mutu a daji, mutane suka baro garuruwansu, ƙanzon da a da ake bai wa kaji ya zama abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Yaran da suka saba jin faɗata a kan almubazzaranci ta kunne ɗaya ta fita ta ɗaya, ranar ba wanda ya motsa.

Ba na cewa ƙwai biyu da rabin kofin madara suna warkar da tsufa, ba kuma sa rage farashin fulawa. Ƙwan ma kansa ba kowane gida ke iya sayensa kullum ba. Amma na fahimci cewa gidan da ya saba jefar da abu don kawai ya kwana, sannu a hankali yakan koya wa 'ya'yansa kallon mutane da irin wannan ido, kuma tsofaffi suna lura da hakan tun kafin kowa ya furta. Yanzu a kicin ɗinmu akwai kwano mai murfi da ake tara ragowar burodi, babbar 'yata ce ke kula da shi. Idan ya cika ita take fasa ƙwan, ƙanenta ya kaɗa, kakansu kuma shi ke yanke hukuncin ko wutar ta yi yawa.